Gishirin Gidanku Yana da Aidin? Yadda Ɗalibai Za Su Haɗa Furojet Kan Homon da Maƙoƙo

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ɗaliban babbar sakandare, da 'yan makarantun koyon aikin lafiya, har da wasu malaman bayoloji: an ba mu furojet kan giland-giland na jiki da cututtukan homon, ta ina za mu fara? Homon sinadari ne mai kai saƙo a jiki ta cikin jini, giland kuma shi ne sashen jikin da ke haɗa shi. Yawancin masu tambayar sun riga sun sayi kwali da maka, suna shirin zana mutum a tsaye da kibiyoyi suna nuna wuyansa da cikinsa. Zanen ba laifi ba ne, sai dai kowane rukuni a ajin shi zai kawo, kuma malami ya san daga littafi aka kwafo shi. Abin da ke raba aikin da ake tsayawa a kalla da wanda ake wucewa shi ne ku auna wani abu da hannunku. Homon kansa ba ya aunuwa a ɗakin gwajin sakandare, amma abin da jiki ke haɗa wani homon da shi, wato aidin ɗin da ake sa wa gishiri, yana aunuwa, kuma yana nan a madafar kowane gida. Ga yadda ake yi, a cikin mako shida.

1. Ku tsayar da tambaya ɗaya

Kada ku ce taken aikinku "Tsarin giland-giland na jiki". Wannan babin littafi ne, ba bincike ba. Ku ɗauki cuta ɗaya, giland ɗaya, da tambayar da za a iya amsa ta da lamba. Wadda na fi ba da shawara ita ce: aidin nawa ne a cikin gishirin da ake ci a unguwarmu, kuma yadda ake ajiye shi yana rage shi?

Dalilin zaɓin nan shi ne sarƙar a bayyane take daga farko har ƙarshe. Giland ɗin tayrod yana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, kuma da aidin yake haɗa homon ɗin tayroksin, wanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da girman yaro. Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai fituwitari, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, wanda ke lura da yawan tayroksin a jini. Idan ya ga ya yi ƙasa, sai ya ƙara aika nasa homon ɗin, TSH, yana umartar tayrod ya ƙara aiki. To idan babu aidin fa? Kamar tela ne da ake ta matsa wa ya kawo ɗinki alhali ba a ba shi yadi ba: ya ƙara keken ɗinki, ya ƙara yara, ya faɗaɗa shago, riga dai ba ta fito ba. Wannan faɗaɗar shagon ita ce maƙoƙo. Duk ɗan rukunin da ba zai iya faɗin wannan da bakinsa ba tare da duba takarda ba, bai shirya zuwa mataki na gaba ba.

Hattara: kada ku rubuta cewa duk maƙoƙo daga ƙarancin aidin yake. Akwai wanda garkuwar jiki ce ke zaburar da tayrod ya yi aiki fiye da kima, kamar cutar Graves, akwai kuma ƙulli da ke fitowa a cikin giland ɗin. Mai duba aikinku zai kama wannan kuskuren tun a shafin farko.

2. Izini da kayan aiki

Kafin ku kashe ko kwabo, ku je wurin malamin kemistiri, ba na bayoloji kaɗai ba, domin makullin ɗakin gwaji da sinadaran galibi a hannunsa suke. Ku tafi da jerin nan a rubuce:

- sikeli mai auna giram har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari
- buret, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da famfo a ƙasa, da kwalaben gwaji masu faɗin gindi da marfi
- sirinji marar allura, mai mililita 5 da mai 1
- fotasiyam ayodaid, giram 50
- sodiyam tayosalfet, giram 5 ya yi yawa ma
- asid ɗin salfurik, wanda malami zai sassauta
- garin sitaci
- tataccen ruwa, lita 5 zuwa 6
- farin faranti, ƙananan ledoji masu zif, tef na rubutu, tabarau da safar hannu

Game da kuɗi, abu ɗaya ne mai tsada a jerin: fotasiyam ayodaid. Kowane gwaji yana cin rabin giram, saboda haka idan za ku gwada gishiri 20 sau bibbiyu, giram 20 ke nan, gwajin ajiya kuma zai ci kamar 12. Kada ku sayi babbar kwalba. Idan makaranta ba ta da shi, ku haɗa kuɗi da wani rukunin ku raba, ko malami ya rubuta takarda zuwa kwalejin ilimi ko ta kimiyyar lafiya mafi kusa a sam muku. Buret da sikeli aro ake yi, ba saye ba. Gishirin kansa kusan kyauta ne, tunda cokali uku kawai kuke nema a kowane gida. Abin da ke cinye kuɗin ɗalibai a zahiri shi ne buga rahoto mai launi da ɗaurin littafi, wanda ba ya ƙara maki ko ɗaya idan cikin babu komai.

Hattara: idan za ku sayi tataccen ruwa wurin masu batir, ku tabbatar ruwan ƙari ne ba ruwan asid ba. Kala biyu suke sayarwa kuma jarkokin sun yi kama.

3. Taswirar jiki

Wannan aikin yini ɗaya ne, kada ya wuce haka. Ɗayanku ya kwanta kan kwali a zana kewayen jikinsa, a murza yumɓu ko takarda da gam a manna kowane giland a mazauninsa: fituwitari ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, tayrod a wuya da ƙananan faratayrod guda huɗu a bayansa, fankiriyas bayan tumbi, adirinal biyu a kan ƙoda ɗaiɗai, sai ma'ajiyar ƙwan mace da 'ya'yan marainan namiji. Ku ja jan zare daga kowanne zuwa babbar jijiyar jini, domin a ga cewa homon ɗinsu ba ta bututu yake bi ba, cikin jini suke zuba shi kai tsaye. Tsakanin fituwitari da tayrod ku sa zare biyu masu launi daban, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi fituwitari ƙato kamar lemo, ko a ɗora adirinal a gefen ƙoda.

4. Tara gishiri

A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka ku natsu.

Ku nemi samfuri kamar 20, kuma kada duk su fito daga gidajen 'yan rukunin, domin sau da yawa shago ɗaya iyayenku ke saye. Ku raba su gida uku. Na farko, gishirin leda mai hatimin kamfani, sabo daga kanti. Na biyu, gishirin awo da ake zubawa daga buhu a sayar a kwano ko a ƙulle a leda. Na uku, gishirin gargajiya idan ana samunsa a kasuwarku: balma da ayarin raƙuma ke saukowa da shi daga Bilma da Fachi a Nijar, ko gishirin Keana na jihar Nasarawa, ko manda. Bayan na kasuwa, ku karɓo na cikin gidaje, wanda ake girki da shi a halin yanzu, domin shi ne ke shiga cikin mutane.

Shiga gidaje yana da ladabinsa. Ku fara sanar da mai unguwa da takarda daga makaranta. Inda maza ba sa shiga, 'yan matan rukunin su shiga, mazan su ɗauki kasuwa. Kuma ku faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku, a taƙaice: "Inna, sannu da gida. Daga makaranta aka aiko mu, muna aikin gwajin gishiri. Ko za a taimaka mana da cokali uku na wanda ake miya da shi?" Idan aka ce a'a, ku yi godiya ku wuce. Neman gishirin gidan mutum abu ne da wasu za su yi wa wata fassarar, ba kuma laifinsu ba ne.

Kowane samfuri ya kai giram 30 zuwa 50. A sa shi a leda mai zif nan take, a rubuta lamba, da kwanan wata, da irinsa, da mazubin da aka same shi, da ko a rufe yake ko a buɗe, da ko yana da laima. Idan daga buhu ake ɗiba, ku roƙi a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa a gauraya, saboda idan buhu ya sha danshi aidin yana bin ruwan ya taru a wani ɓangare.

Hattara: lamba za ku rubuta, ba sunan gida ba, ba kuma sunan kamfani ba. A rahoto ku ce gishiri A, B, C. Gwajin ɗalibai na samfuri ɗaya bai isa a kama sunan wani da shi ba, kuma ba ku san hannu nawa gishirin ya bi kafin ya iso gare ku ba.

5. Haɗa ruwan gwaji

Aidin ɗin da ake sa wa gishiri a Najeriya yana zuwa ne a matsayin fotasiyam ayodet, wanda ba shi da launi kuma ba ya canza sitaci shi kaɗai. Sai an haɗa shi da ayodaid a cikin asid sannan aidin ya fito fili, shi ne kuma ke mai da sitaci shuɗi. Ruwa huɗu za ku haɗa.

Ruwan ayodaid: giram 10 a narke a tataccen ruwa, a cika zuwa mililita 100. A zuba a kwalba mai duhu, ko a naɗe ta da baƙar leda. Idan kun ga ya fara yin rawaya, ya lalace, a zubar a haɗa sabo.

Ruwan sitaci: a dama giram 1 da ɗan ruwan sanyi kamar za a yi koko, a juye cikin tafasasshen ruwa a cika mililita 100, a bar shi ya huce. Da zafin garinmu ba ya kwana uku bai yi tsami ba, saboda haka ranar aiki ake haɗa shi.

Ruwan tayosalfet: giram 1.24 daidai, a cikin lita ɗaya na tataccen ruwan da aka tafasa ya huce. A wannan awon ne duk lissafinku zai tsaya, don haka a auna a tsanake, mutum biyu su duba sikelin. Shi ma a ɓoye shi daga haske, kada kuma a yi amfani da wanda ya haura wata guda.

Asid: mililita 6 na mai ƙarfin a cikin mililita 90 na ruwa, a cika zuwa 100.

Hattara: wannan na ƙarshen malami ne zai haɗa, ba ɗalibi ba. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. Idan aka zuba ruwa cikin asid yana iya tafasa ya fantsamo fuska. In ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Hattara kuma: kada ku yi amfani da ruwan famfo a ko'ina cikin aikin nan, har da ɗauraye kwalabe na ƙarshe. Kulorin da ake sa wa ruwan sha yana fito da aidin daga ayodaid, sai ku ga shuɗi a gishirin da babu komai cikinsa.

6. Gwajin launi

Wannan shi ne gwajin gaggawa, kuma shi za ku nuna wa jama'a ranar baje koli. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri kan farin faranti, a ɗiga ruwan ayodaid ɗigo biyu, asid ɗigo ɗaya, sitaci ɗigo biyu. Don wannan gwajin kaɗai, farin binega yana iya maye gurbin asid ɗin. Idan akwai aidin, wurin zai koma shuɗi ko ruwan makuba cikin daƙiƙoƙi. Ku rubuta abin da kuka gani a cikin minti ɗaya: babu launi, launi kaɗan, ko launi sosai.

A gefen kowane gishiri ku ɗiga ruwan nan uku kan farantin inda babu gishiri. Idan nan ma ya yi shuɗi, matsalar daga ruwanku take. Idan kuka bar farantin ya daɗe, iska kanta za ta sa shi ya yi launi a hankali, shi ya sa ake karantawa da wuri.

Gishirin gargajiya mai haɗe da kanwa yana kashe asid ɗin kafin ya yi aiki. Idan bai nuna launi ba, ku ƙara asid ɗigo biyu ko uku ku sake dubawa kafin ku rubuta cewa babu.

Za ku ga ana yaɗa wata dabara ta yanka dankali, a barbaɗa gishiri, a matsa lemon tsami. Ba na ba da shawarar a dogara da ita. Bitamin C da ke cikin lemon yana goge shuɗin da kuke jira, don haka rashin launi a wannan dabarar ba ya tabbatar da komai.

7. Auna adadin

Launi ya gaya muku akwai ko babu. Lamba kuma sai da buret.

A auna giram 10 na gishiri, a narke shi a tataccen ruwa mililita 50 cikin kwalbar gwaji. Idan mai tsakuwa ne a fara niƙa shi. A zuba asid mililita 1, sannan ruwan ayodaid mililita 5. Ruwan zai yi rawaya idan akwai aidin. A toshe bakin kwalbar, a sa ta a cikin kabad ko kwali mai duhu minti 10.

A cika buret da ruwan tayosalfet, a fitar da kumfar da ke maƙale a bakinsa, a rubuta inda ruwan ya tsaya. A riƙa ɗiga shi cikin kwalbar ana jujjuyawa har rawayar ta kusa ɓacewa. A lokacin ne, ba kafin nan ba, ake zuba sitaci mililita 2. Ruwan zai koma shuɗi. A ci gaba ɗigo-ɗigo har ɗigon da zai mai da shi fari tas. A rubuta inda buret ya tsaya, a cire lambar farko.

Lissafin mai sauƙi ne: mililitan da aka ci sau 10.6 shi ne miligiram na aidin a kilo ɗaya na gishirin. Misali, idan buret ya sauka da mililita 2.5, gishirin yana da miligiram 26.5 a kilo. Kowane samfuri a yi shi sau biyu. Idan amsoshin sun bambanta da fiye da mililita 0.2, a yi na uku. A fara kowace rana da gwajin ruwa zalla babu gishiri, abin da ya ci kuma a cire shi daga sauran.

Da me za ku kwatanta? Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya. Ma'aunin shi ne miligiram 50 a kilo a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, 30 a kasuwa, kuma ana son kada ya gaza 15 a lokacin da yake cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana (maikurogiram 1,000 ne miligiram ɗaya), mai ciki da mai shayarwa 250, ta kuma ce kada gishirin da mutum ke ci a rana ya kai giram 5. Ku yi wannan lissafin a rahotonku: giram 5 na gishiri mai miligiram 30 a kilo yana ba da maikurogiram 150 cif. Mai 15 yana ba da rabin haka.

Hattara: kada wannan lissafin ya kai ku ga rubuta cewa a ƙara cin gishiri. Yawansa yana jawo hawan jini. Abin da ake nema shi ne ɗan wanda ake ci ya zama mai aidin.

Inda aka fi yin kuskure a wannan matakin: zuba sitaci tun da farko, mantawa da minti goman duhu, karanta buret daga sama maimakon ido ya daidaita da ruwan, da gaggawar buɗe famfon buret a kusa da ƙarshe. Kowane kashi ɗaya cikin goma na mililita da ya wuce ya ƙara muku kusan miligiram ɗaya na ƙarya. Idan babu buret sam, sirinji mai mililita 5 zai yi, amma ku faɗa a rahoto cewa da shi kuka yi.

8. Gwajin ajiya

Ku sayi leda ɗaya ta gishiri mai aidin, ku auna shi, ku raba shi huɗu: kwalba mai marfi a inuwa, kwano a buɗe kusa da murhu, kwano a buɗe a rana, da ƙyalle ko buhu a wuri mai danshi. A sake aunawa bayan mako biyu, da bayan mako huɗu. Wannan gwajin ya kamata ya fara tun makon farko ko na biyu, in ba haka ba lokaci zai ƙure.

Kada ku shiga da amsa a aljihu. Ayodet yana da juriya, kuma a busasshen gishiri mai tsabta lokacin hunturu kuna iya samun bambanci kaɗan ƙwarai. Idan haka ya fito, haka za ku rubuta. Sakamako ne shi ma. Danshi da datti su ne suka fi cin aidin, don haka rukunin da ya yi nasa da damina zai iya ganin abin da na rani bai gani ba. Ku kuma lura cewa jiƙaƙƙen gishiri ya fi nauyi: a cikin giram 10 ɗin da kuka auna akwai ruwa, don haka lambar za ta sauka ko da aidin bai tafi ko'ina ba. Ɗalibin da ya ambaci wannan a rahotonsa ya nuna ya fahimci abin da yake yi.

9. Tambayoyi biyar a kowane gida

Lokacin karɓar gishiri ku yi tambayoyin nan: A ina ake saye? Na leda ne ko na awo? A me ake ajiye shi? An taɓa jin labarin gishiri mai aidin? Wane abinci aka fi ci a gidan? Ta ƙarshen tana da dalili. Rogon da ba a jiƙa ko sarrafa shi da kyau ba yana barin wani sinadari a jiki da ke hana tayrod ɗaukar aidin, kuma a yankin Darfur na Sudan an danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Ba cewa ake a daina fura ba. Idan aidin ya wadata, waɗannan abincin ba su cika zama matsala ba.

Hattara: ba ku da hurumin latsa wuyan kowa, ko ɗaukar hoton mai maƙoƙo, ko tambayar wa ke da shi a gidan. Idan wata ta nuna muku kumburi ta nemi shawara, amsar ɗaya ce: "Hajiya, mu ɗalibai ne, asibiti ya kamata a je a duba." Kada kuma wani ya fahimci cewa aidin ɗin da ake shafa wa rauni ana sha. Guba ne.

10. Idan ciwon sukari aka ba ku

Wasu malaman su ke raba take. Idan fankiriyas da insulin suka faɗo muku, tsarin ɗaya ne: tambaya ɗaya, awo ɗaya. Insulin ne ke buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Idan babu shi ko jiki ya daina jin sa, sukari ya taru a jini, kuma da ya haura kusan miligiram 180 a desilita, wato mililita 100 na jini, sai ƙoda ta fara zubar da shi a fitsari.

Ku haɗa fitsarin ƙarya: ruwa mililita 100 a kofi huɗu, na farko babu komai, sauran da garin gulukos giram rabi, giram 1, da giram 2. A sa mililita 5 na ruwan Benedict, wato shuɗin sinadarin da ake gwada sukari da shi, a bututun gwaji, a ɗiga ɗigo 8 daga kofi, a tsoma bututun cikin tafasasshen ruwa minti 5. Launin zai tashi daga shuɗi zuwa kore, rawaya, ruwan goro, har ja, gwargwadon yawan sukarin. Wani ya ɓoye lambobin kofunan, sauran su gano.

Kurakurai biyu ne a nan. Sukarin shayi ba ya canza ruwan Benedict, sai gulukos, wanda ake samu a kantin magani. Sannan idan kuka cika kalar abinci mai rawaya don ya yi kama da fitsari, haɗuwarta da shuɗi za ta ba ku kore tun kafin a ɗora a wuta.

Hattara: babu fitsarin gaske, babu huda yatsan kowa a aji. Idan kuna son a ga yadda na'urar gwajin sukari ke aiki, a gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna da kayansa. Lambar sukarin jini mai nuna ciwon sukari da za ku rubuta a allo ita ce miligiram 126 a desilita zuwa sama kafin a karya kumallo, kuma likita ne ke tabbatarwa bayan an maimaita gwajin.

11. Rahoto da ranar baje koli

Shafi goma zuwa sha biyu sun isa. Tambayar, sarƙar fituwitari da tayrod a shafi ɗaya, yadda kuka yi, jadawalin lambobi duka har da waɗanda suka ba ku kunya, zanen sanduna ɗaya da layi a kan 15 da wani a kan 30, sai abin da kuka fahimta. Ku rubuta "a cikin gidaje kaza da muka gwada", kada ku rubuta "a garinmu" ko "a Arewa".

Ku ware sakin layi guda ga abin da ido ba ya gani. Kumburin wuya shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Ƙarancin aidin ga mai ciki yana iya jawo ɓari, yana kuma taɓa ginin ƙwaƙwalwar jariri, wanda ba ya gyaruwa daga baya. Ku jera alamomin tayrod mai kasala, wato gajiya, jin sanyi, ƙiba da bushewar fata, kusa da na mai wuce kima, wato rama duk da cin abinci, bugun zuciya, zufa da rawar hannu.

A teburinku ku ajiye taswirar a baya, farantai a gaba, ku bar baƙi su zaɓi gishirin da za a gwada, amma ku ne za ku ɗiga ruwan, da binega ba salfurik ba. Idan makaranta za ta yarda a zaɓi rana, 25 ga Mayu ita ce ranar tayrod ta duniya, 21 ga Oktoba ta yaƙi da ƙarancin aidin, 14 ga Nuwamba kuma ta ciwon sukari.

Masu ba da maki sukan juya ga wanda ya fi yin shiru a rukunin. Ku yi atisayen tambayoyi uku da kowa: me ya sa tayrod ke kumbura alhali homon ɗinsa ƙasa ya yi, me ya sa aka yi gwajin ruwa zalla, da kuma daga ina 10.6 ta fito. Amsar ta ƙarshen tana wurin malamin kemistiri: kowane ayodet ɗaya yana cin tayosalfet shida, sauran kuma lissafin nauyin aidin ne, 126.9. Bayan an tashi, gishirin da aka ɗiga wa sinadari a zubar da shi a magudanar ɗakin gwaji da ruwa mai yawa, ragowar ayodaid kuma a miƙa wa malami a rubuce.